Sandunan Hawan Dutse: Ka Tafi da Su Ƙasar Waje ko Ka Bar Su a Gombe?

Duk wanda ya biya kuɗin tafiyar buɗe ido ta hannun kamfani, ko wata ziyara da ke da hawan tsauni a cikinta, za a turo masa jerin kayan da zai zo da su. Takalmi mai ƙarfi, rigar sanyi, tocilar goshi, gorar ruwa, sai can ƙasa a rubuta sandunan tafiya, a ƙara da cewa ga mai so. Yawancinmu a nan muke tsallake layin mu wuce, domin a idonmu sanda kayan tsoho ce ko na makiyayi. Abin da ake nufi shi ne sanduna biyu marasa nauyi na alminiyam ko na kabon (wani abu mai tauri da ba ƙarfe ba), waɗanda ake zugewa a ƙara musu tsawo ko a rage, da mariƙi da maɗaurin hannu a sama, da ɗan tsini mai tauri a ƙasa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: in dai tafiyar tana da doguwar gangara, ko tafiyar dare, ko ƙasa mai santsi, kada ka yarda ka taka ba tare da su ba, naka ne ko na haya. In kuwa tafiya ce ta a shiga bas, a sauka a ga gari, a ɗauki hoto, a koma otal, bar su a gida, kaya ne kawai. Wahalar ita ce gane wacce irin tafiya ka biya wa kuɗi, kuma a kan wannan za mu fi daɗewa.

Mataki na farko: nemi gangara a cikin tsarin tafiyar

Mutane sun fi tsoron hawa, alhali saukowa ce ke karya mutum. A hawa numfashi ne ke wahala, ka tsaya ka huta ya dawo. A saukowa kuwa, kowane taku nauyinka da na jakar da ka goya yana dira ne a kan gwiwa ɗaya, cinyoyi suna ta riƙe birki har su soma rawa. Sanduna suna kwashe wani kaso na wannan nauyin su mayar wa hannuwa da kafaɗu, sannan in ƙafa ta zame akwai abin tokarewa. Saboda haka idan ka buɗe tsarin tafiyar, kada ka tsaya a kan yawan kilomita. Duba mita nawa za a hau a yini, mita nawa za a sauko, awa nawa za a yi a ƙafa, kuma kwana nawa a jere.

Ɗauki Kilimanjaro na Tanzaniya, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Afirka, mita 5,895. Ba a barin kowa ya hau shi sai da jagora mai lasisi. Masu bin hanyar Machame ko Lemosho suna tashi daga sansanin Barafu, wanda ya haura mita 4,600, wajen tsakar dare, cikin duhu da sanyin da ke daskarar da ruwa. Su isa ƙololuwar Uhuru da safe, sannan a wannan ranar su gangaro har sansanin Mweka da ke wajen mita 3,100. Ka lissafa, saukowar kusan mita 2,800 ke nan a yini guda, da ƙafafun da ba su yi barci ba, kuma farkonta a kan tsakuwa da toka masu zamewa ne. Wanda zai je nan ba ya buƙatar dogon tunani, ya riƙi sanduna biyu. Haka Tubƙal na Maroko, mita 4,167, wanda ake tasar masa daga ƙauyen Imlil, galibi a kwana biyu: duwatsu ne barbaje, saukowarsa tana cin gwiwa.

Akwai na tsaka-tsaki. Dutsen Ɗuri Sina a Masar, mita 2,285, da dare ake hawansa don a ga fitowar rana daga sama. Raƙumi zai iya kai mutum wani wuri, amma matakala wajen 750 na ƙarshe dole sai da ƙafa, kuma ba matakalar bene ba ce, duwatsu ne aka jera, wani dogo wani gajere. A Petra, tsohon garin da aka sassaƙa a dutse a ƙasar Urdun, tsagin dutsen da ake bi a shiga garin shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, ba ta buƙatar komai, amma mai son kaiwa ginin da ake kira Ad-Deir zai hau matakala kusan 800 ya kuma sauko su. A irin waɗannan wurare matashi mai lafiya zai iya ba sanda, wanda gwiwa ta fara yi wa magana kuwa ko guda ɗaya ya riƙe zai gode Allah.

Abin da ya fi shafar mutanenmu ma shi ne Jabalun Nur a Makka, inda kogon Hira yake. Hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, amma shauƙi yana ɗaukar alhazai da yawa su hau. Tsayinsa ya ɗan haura mita 600, yana da tsaye sosai, hawan kan ci awa ɗaya zuwa biyu, ga zafi. A nan sanda ɗaya mai robar ƙasa ta fi biyu amfani, saboda hanyar matsattsiya ce, akwai masu hawa akwai masu sauka, kuma a wurare da dama za ka so hannu guda ya dafa dutse ko ƙarfen gefe. Cikin cunkoson ɗawafi da sa'ayi da jifa kuwa, ba wurin sanda mai tsini ba ne ko kaɗan. Wanda ba zai iya tafiya ba sai da madogara, ya nemi kwagiri mai robar ƙasa ko keken turawa.

Mataki na biyu: gaya wa kanka gaskiya game da jikinka

Ka taɓa targaɗe a idon sawu? Gwiwarka tana ƙara in ka tashi daga sujada ko daga tsuguno? Kana da ƙiba, ko jiri, ko ido ba ya gani sosai da dare? Shekara nawa rabonka da tafiyar awa biyar a ƙasa? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, ma'auni ya rinjaya wajen ɗaukar sanduna. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya biya kuɗin tafiyar tsauni, domin sanda ba ta maganin ƙarancin iska a can sama.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ainihin abin da ke hana mu. Namiji ɗan shekara arba'in ba ya son a gan shi a hoto yana dogara sanda, kada abokai a Jekadafari su ce ya tsufa. To a kan waɗannan tsaunuka samari da 'yan mata majiya ƙarfi su ne kan gaba wajen riƙe su, kuma babu mai kallon kowa. Idan da dattijo za ka tafi, kada ka ce masa ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi, zai ƙi karɓa ko da yana so. Ka riƙe naka tukuna ya gani, sannan ka miƙa masa ka ce, "Bappa, a riƙe wannan, jagoran ya ce kowa da kowa ne." In ya ce, "Kai yaro, ni da na yi kiwo a dutse kafin a haife ka?" sai ka ce, "Ai shi ya sa, Bappa, ku ne za ku koya mana yadda ake tokarawa." Kuma gaskiya ka faɗa, wanda ya bi shanu a tuddai ya fi kowa sanin amfanin sanda.

Mata akwai abin lura na musamman. Mai doguwar abaya ko dogon hijabi ta saba tattare gefen riga da hannu ɗaya in za ta hau matakala. Da sanduna biyu hannuwan sun cika, rigar za ta shiga ƙarƙashin takalmi ko ta harɗe da tsinin sandar, faɗuwa ta zo daga inda ba a zata ba. Mafita ita ce wando mai faɗi da riga da ta tsaya wajen gwiwa ko ƙasa kaɗan, da hijabin da za a iya cusa gefensa cikin rigar sanyi. Wadda ba za ta canza shigarta ba, ta riƙi sanda ɗaya ta bar wa rigar ɗaya hannun.

Mataki na uku: tambayi kamfanin, a rubuce

Ejan ɗinka na Gombe ko Abuja wataƙila bai taɓa taka dutsen ba, shi tikiti da biza ya sani. Nemi lambar WhatsApp ko imel na kamfanin da zai yi muku jagora a can, ka yi musu tambaya kai tsaye. Yaya ƙasar hanyar take a watan da za mu zo, tsakuwa ce, taɓo ne, ƙanƙara ce ko matakala? Jagororinku suna ba da shawarar a riƙe sanduna? Kuna bayarwa a cikin kuɗin da muka biya, ko haya ake yi, kuma nawa ne? Akwai wurin da aka hana shiga da su?

Tambayar ƙarshen tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A Machu Picchu ta ƙasar Peru, ƙa'idar ita ce ba a shiga kufan garin da sanduna, sai tsofaffi da masu lalura, su ma sai da roba a tsinin, saboda ƙarfe yana cin duwatsun tarihi. Gidajen tarihi da wuraren ibada da yawa sukan sa a ajiye su a ƙofa. A Ruwanda da Yuganda kuwa, masu zuwa ganin goggon biri a gandun Volcanoes ko dajin Bwindi ana ba su sandar itace a bakin daji, kuma in an kusa dabbobin ana ajiye sanduna da jakunkuna a baya kafin a ƙarasa. Wanda zai je can bai da dalilin jigilar nasa tun daga Najeriya.

Mataki na huɗu: saye ko haya

In rana ɗaya ce tal a cikin tafiyar ke da hawa, yi haya. A Moshi da Arusha, garuruwan da ake tasar wa Kilimanjaro, da kuma Imlil, akwai masu ba da hayar kayan hawa. Amma ka karɓa tun ana gobe tafiya, kada ka bari sai a bakin ƙofar gandu. Zuge kowace gaɓa, kulle ta, kafa sandar a ƙasa ka danna da dukkan nauyinka. In ta nutse ko da kaɗan ne, a canza maka. Duba tsinin bai cinye ba, maɗaurin bai tsinke ba.

In tafiyar ta kwanaki ce, ko kana da niyyar ci gaba da hawan duwatsu bayan ka dawo, sayi naka. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu shigewa cikin juna, gaɓa uku, waɗanda in an harhaɗe su sukan tsaya a wajen santimita 60 zuwa 65. Sun fi ƙarfi, sun fi sauƙin daidaitawa. Akwai masu naɗewa gida uku da igiya a ciki, su kuma sukan koma wajen santimita 35 zuwa 40, su shige kowace jaka. Alminiyam in ya sha wuya lanƙwashewa yake yi, a miƙe shi a lallaɓa a ƙarasa tafiya. Kabon ya fi rashin nauyi, ya fi tsada, amma in ya maƙale tsakanin duwatsu karyewa yake yi ɗungurungum. Ga mai farawa, alminiyam na fi so.

Wajen makulli, zaɓi mai ɗan marfin da ake dannawa daga waje, ka bar mai murɗawa. Mai murɗawa in ƙura ta shiga cikinsa ko sanyi ya kama shi yakan ƙi kamawa, kuma ba ka ganin abin da ya lalace. Mai marfi kuwa ɗan noti gare shi da za ka ƙara ɗaurewa da yatsa ko da tsabar kuɗi. Mariƙin soso ko na ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi ya fi na roba, domin roba in ta haɗu da gumi tana tayar da bororo a tafin hannu. Sunayen da aka sani su ne irin su Leki da Black Diamond, sai kayan Decathlon masu sauƙin kuɗi. Da wuya ka same su a shagunan Gombe. Sai dai ka yi oda ta intanet, ko ka sa a duba maka a Abuja ko Legas, wani lokaci kuma akan ci karo da su wajen 'yan gwanjo. Ko ina ka samo, gwajin nan na danna nauyi shi ne alƙali. Ka haɗa da robobin tsini, har da na ajiya, don suna yawan faɗuwa a hanya.

Mataki na biyar: koya a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara riƙe sanduna a ranar hawa zai yi ta harɗewa da su, ya gaji da su kafin azahar, ya ɗaure su a bayan jaka, su zama kayan banza.

Fara da tsawo. Tsaya a miƙe da takalmin da za ka yi tafiyar da shi, kafa sandar kusa da ƙafarka, ka riƙe mariƙin. Gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai, wato damtse a tsaye, sauran hannun a kwance. Ga mai tsayin santimita 170, wannan yakan kama wajen 115. Akwai lambobi a jikin sandar, haddace naka ko ka sa alama da salatif. Kada ka taɓa zuge gaɓa ta wuce layin gargaɗin da ke ƙarshenta. In za a yi doguwar hawa rage santimita 5 zuwa 10, in za a gangara ƙara kamar haka.

Maɗaurin hannun nan kusan kowa yana sa shi ba daidai ba. Ta ƙasa ake zura hannu, ya fito ta sama, sannan a sauke shi a kan maɗaurin a kama mariƙin, yadda igiyar za ta ratsa tsakanin babban yatsa da manuni ta kwanta a tafin hannu. Da haka nauyi yana sauka a kan wuyan hannu, yatsu kuma suna riƙe sandar sako-sako. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi awa shida, da dare ba zai iya riƙe cokali ba.

Tafiyar kanta: ƙafar dama da sandar hagu, ƙafar hagu da sandar dama, kamar yadda hannuwa suke lilo da kansu in kana tafiya. A shimfiɗaɗɗen wuri tsinin yana sauka daidai ƙafa ko ɗan baya, kana tura kanka gaba. A gangara sandunan ne ke riga ka sauka: kafa su a gaba, tabbatar sun kama, sannan ƙafa ta biyo, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajeru. A babban mataki kafa duka biyun a ƙasa lokaci guda ka sauko a tsakaninsu.

Wurin gwaji ba ya yi mana wuya. Fara da unguwa bayan sallar asuba, kwana biyu uku, har hannu da ƙafa su saba. Daga nan ka nemi tudu na gaske: dutsen Liji yana nan kusa da gari, ga dutsen Bima, ga tuddan Kaltungo da Tula ga mai iya fita ƙarshen mako. Ka goya jakar da za ka tafi da ita, da ruwa lita biyu ko uku a ciki, ka sa takalmin tafiyar. Kada ka je kai kaɗai, kuma ka gai da mutanen wurin ka nemi wanda ya san hanya. Ka gwada gangara ɗaya da sanduna, ka sake ta babu su. Gwiwarka za ta ba ka amsar da babu wani rubutu da zai ba ka. Wata ɗaya ko biyu kafin tashi ya isa a yi wannan.

Mataki na shida: filin jirgi

Sa su a babbar jakar da za a auna ta shiga cikin jirgi, kada ka sa a jakar hannu. Dokokin filayen jirgi sun bambanta, wani wuri a bar ka ka wuce da su, wani wuri a ƙwace, kuma jami'in da ke kan na'urar bincike shi ke da maganar ƙarshe. Daga filin jirgin Lawanti na Gombe zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Adis Ababa ko Alƙahira, daga can zuwa inda za ka, bincike nawa ke nan? Ɗaya ya ƙi, ka yi asara. Kwagirin da mara lafiya ko tsoho yake dogarawa hukuncinsa daban, galibi ana barin sa bayan an duba shi.

Auna cikin akwatinka kafin ka sayi sandunan. Idan masu shigewa cikin juna ne kuma sun ɗan fi akwatin tsawo, zare gaɓoɓin gaba ɗaya, kowacce ta zama ita kaɗai, za su gajarce. Toshe tsinin da robarsa, in babu ka naɗe shi da kwali da salatif, ka kwantar da su a tsakiyar tufafi don kada su huda jaka ko a lanƙwasa su wajen jifa da kaya. Nauyinsu duka biyun wajen rabin kilo ne, ba shi ne zai cinye maka awo ba, amma ka tuna jiragen cikin gida sau da yawa kilon da suke bayarwa bai kai na jiragen waje ba. Wanda ya shirya tafiya da jakar hannu kaɗai, shi haya ce tasa.

Mataki na bakwai: a cikin ayari

Tafiya da jagora tafiyar layi ce, wani a gabanka wani a bayanka. Bar tazarar taku biyu ko uku. Kada ka nuna wani abu da sanda, kada ka saƙale ta a hammata tsinin yana kallon baya, idon mutum yana daidai wurin in ana hawa. In za ka ɗauki hoto ko ka sha ruwa, fita gefe tukuna.

Akwai inda sanduna suke komawa haɗari. Katangar Barranco a Kilimanjaro da hannu da ƙafa ake hawanta, jagora zai ce a naɗe sanduna a ɗaure a jaka, ka bi maganarsa nan take. Haka duk inda ake kama igiya ko tsani. A gangara mai tsanani, da wajen tsallaka rafi, zare hannunka daga maɗaurin ka riƙe mariƙin kawai, domin in ka faɗi sandar ta rabu da kai, kada ta murɗe maka wuyan hannu. A kan ƙasa da tsakuwa cire robar, tsinin ya fi kamawa. A kan shimfiɗaɗɗen dutse, siminti da wuraren tarihi mayar da ita. A daren sanyi sa safar hannu kafin ka zura hannu a maɗauri, ka ɗan sassauta shi don jini ya samu hanya.

Kowace safiya kafin a tashi, danna kowace sanda da nauyinka sau ɗaya, ka ɗaure notin da ya saki. In an gama tafiyar, zare gaɓoɓin, wanke taɓo da ƙurar da suka shiga, ka bar su su bushe sarai kafin ka harhaɗa, in ba haka ba alminiyam yakan yi farin tsatsa a ciki ya manne. Kada ka sa musu mai ko giris, makullin zai daina kamawa. Idan daga nan wata ƙasar za ka wuce, wankin ya zama dole: Ostireliya da Niyu Zilan suna sa matafiyi ya bayyana kayan da ya shiga daji da su, kuma suna duba ko akwai ƙasa ko irin ciyawa a maƙale a tsinin sanda da ƙasan takalmi.